Kifi a cikin kumbo: abinci ne ko kaya?

Tauraron_Asuba:
Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga masana ruwa ce da masana kumbo da ke wannan zaure. A watan Afrilun 2024 'yan sama jannatin China na Shenzhou-18 sun tafi tasharsu ta Tiangong da wani ɗan akwatin ruwa rufaffe, bai kai lita biyu ba. A ciki akwai 'yan kifi huɗu masu zanen jakin dawa, wato Danio rerio, da ciyawar ruwa Ceratophyllum. Ciyawar na ba kifin oksijin, kashin kifin na zama takin ciyawar, aka yi kwana 43 a haka, har kifin suka yi ƙwai. To tunda ƙarami ya yi aiki, me zai hana a gina babba, ya ba mutane iska da ruwa da nama a tafiyar Mars? A ganina halittun ruwa sun fi gonar alkama dacewa da kumbo, don kifi dama shawagi yake a ruwa, rashin nauyi ba baƙon abu ba ne gare shi.

Malam_Lissafi:
Wa alaikumus salam. Kafin mu je ga kifi, mu fara da mutum, don shi ake son a raya. Baligi ɗaya yana shaƙar oksijin kilo 0.84 a rana, ya fitar da kabon dayoksaid kusan kilo 1, ya ci abincin da idan an busar da shi ya kai giram 600 da 'yan kai, ya yi fitsari kamar lita ɗaya da rabi mai ɗauke da naitirojin giram 12 ko kusa da haka. Duk tsarin da za a gina, waɗannan lambobi huɗu zai amsa.

Kifi ba ya cikin masu ba da iska. Shi ma shaƙa yake kamar mu. Masu ba da oksijin su ne gansakuka da ciyayin ruwa, kuma duk kilo ɗaya na busasshiyar gansakuka da ta tsiro tana cinye kabon dayoksaid kusan kilo 1.8. Ke nan numfashin mutum ɗaya yana bukatar a noma rabin kilo ko fiye na busasshiyar gansakuka kowace rana, a kuma kwashe ta daga tankin kowace rana. Wani abin lura kuma: akwatin Shenzhou-18 ba rufaffe ba ne ta fuskar abinci. Daga ƙasa aka tafi da abincin kifin, ana tura musu.

Gansakuka:
Malam ya taɓo inda Rashawa suka faro. A Krasnoyarsk ta Siberiya, a 1965, an rufe mutum ɗaya a ɗaki mai faɗin mita-kubik 12, aka haɗa ɗakin da tankin wata gansakuka mai suna Chlorella vulgaris na lita 18 kacal. Sirrin ba yawan ruwan ba ne, faɗin fuskar da haske ke bugawa ne: an shimfiɗa ruwan siriri a kan murabba'in mita 8 a ƙarƙashin fitilu masu ƙarfi. Wannan shi ne BIOS-1, kuma iskar ta wadatar. Matsalar ta ɓullo ne a ciki, ba a huhu ba. Chlorella tana da bango mai tauri da hanjin mutum ba ya narkarwa sosai, kuma ba abin da za a ci da yawa kullum ba ne. Sai gansakuka ta yi ta taruwa ba mai ci, kabon da ke jikinta ya fita daga zagayen. Shi ya sa da suka gina BIOS-3, inda mutum uku suka yi kwana 180 daga ƙarshen 1972 zuwa 1973, alkama da kayan lambu ne suka karɓe babban aikin.

Likita_Damagaram:
Bari in ƙara ta ɓangaren jiki, don mutane na jin furotin kashi 60 cikin ɗari a Spirulina, wata gansakuka da ake ci, sai su ɗauka an gama. Halitta mai saurin hayayyafa tana cike da RNA, ɗan'uwan DNA mai ɗauke da bayanan gado. A Spirulina sinadaran RNA da DNA sun kai kashi 4 zuwa 5 na busasshen nauyinta, jiki kuma yana mayar da su yurik asid. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce kada ƙarin ya wuce giram 2 a rana, wanda ya faɗa wajen giram 40 zuwa 50 na Spirulina. A haɗa da lissafin Malam: ana noma giram 500, ana iya cin 50. Kuma ɗan sama jannati dama yana cikin haɗarin tsakuwar ƙoda, saboda kalsiyam na zuba daga ƙashinsa zuwa fitsari. Ba shi ne mutumin da za a ƙara wa yurik asid ba. Bitamin B12 ɗin da ake tallata ta da shi ma, mafi yawansa nau'i ne da jikin mutum ba ya amfana da shi.

Tauraron_Asuba:
To ai Likita ka ba ni hujja. Giram 450 ɗin da ya rage, a ba kifi mana. Kifi ya ci gansakuka, mutum ya ci kifi.

Uwar_Kifi:
Ɗan'uwa, tunanin daidai ne, kuma shi ne dalilin da ya sa ake ambaton karfasa a wannan fage, don tana cin gansakuka da ganye. Amma mu auna. A ce mutum huɗu, kowa tsoka giram 100 a rana, jimla 400. Tsokar karfasa kashi ɗaya ce cikin uku na nauyinta, sauran kai ne da ƙaya da ɓawo da kayan ciki. Ke nan kifi kilo 1.2 za a kama kullum. Karfasa na ɗaukar kusan wata shida kafin ta kai girman ci, don haka dole a kowane lokaci tankin na riƙe da kifi manya da ƙanana kusan kilo 100. Ko an cunkusa su kilo 50 a mita-kubik ɗaya, wanda sai da ƙarin oksijin da matata mai kyau, ruwa tan 2 ake magana.

Sai abinci. A kiwo mai kyau kilo 1.5 na busasshen abinci ke ba da kilo 1 na kifi, wato kilo 1.8 a rana. Furotin ɗin da ke cikin wannan abinci ya haura giram 500, wanda zai dawo a tsoka bai wuce 80 ba. Oksijin da kifin da bakteriyar matata, masu tsabtace ruwan, za su sha a kan wannan abinci ya kusa kilo 0.9. A taƙaice tankin kifin ya zama mutum na biyar a cikin kumbon, yana numfashi, kuma nauyinsa tan biyu.

Dan_Kaneme:
Ku ba ni dama in koma kan Spirulina, don ba baƙuwa ba ce a yankinmu. A Kanem ta Chadi, gabas da arewacin tafkin Chadi, matan Kanembu sun daɗe suna kwasar ta daga kududdufan kanwa. Iska ke tura koren kumfan zuwa gaɓa, su ɗebe shi da kwano, su zuba a ɗan ramin da aka gyara a yashi. Yashi ya shanye ruwan, rana ta busar, a yanyanka gutsi-gutsi a kai kasuwa. Sunanta dihe, miya ake yi da ita a ci da tuwo. Wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya gan ta a kasuwa a tsakiyar shekarun 1960, ya tabbatar Spirulina ce.

Abubuwa biyu ke cikin wannan sana'a da injiniyan kumbo ke nema. Na farko, ruwan kanwa mai pH 9.5 zuwa 10 (pH ma'aunin tsami ko kanwar ruwa ne, 7 ne tsakiya) yana korar yawancin ƙwayoyin da za su gurɓata noman. Ruwan renon da ake haɗa mata a ɗakin gwaji, na Zarrouk, kwaikwayon kududdufin nan ne: bikabonet giram 16.8 a kowace lita, zafi digiri 30 zuwa 35. Na biyu, ita zare ce mai murɗe, doguwa, rariya mai ƙananan ido ta isa ta tace ta. Chlorella kuwa ƙwallo ce 'yar maikuron 2 zuwa 10 (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), sai an sa na'urar juyi ko matata ta musamman, ga cin wuta ga toshewa. Kuma a lura, ko a Kanem ɗin mahaɗin miya ce, ba ita ce tuwon ba. Maganar Likita ke nan.

Injiniya_Kumbo:
Hukumar sararin samaniya ta Turai ma ita ta zaɓa a shirinta na MELiSSA da aka fara a 1989. Tafki suka kwaikwaya, amma suka raba shi ɗaki-ɗaki don a iya sarrafa kowanne. Ɗakin farko bakteriya ne masu son zafi, a digiri 55 ba iska, suna narkar da kashi da ragowar tsirrai. Akwai ɗakin da bakteriyar Nitrosomonas da Nitrobacter ke mayar da amoniya naitiret, wato takin tsirrai. Sannan ɗakin Spirulina, wadda yanzu ake kira Limnospira indica, da ɗakin tsirrai, sai na mutane. A cibiyar gwajinsu da ke jami'ar Autònoma ta Basalona, ɓeraye uku ne ke wakiltar mutane, tankin Spirulina na lita 83 ke ba su iska. Idan oksijin ya sauka a ɗakin ɓerayen, kwamfuta ta ƙara hasken fitilu, idan ya hau ta rage. Wannan ita ce falalar gansakuka da alkama ba ta da ita: tana amsa umarni cikin mintoci, kuma idan noman ya lalace, daga ɗan iri za a sake tayar da shi cikin 'yan kwanaki. Ku lura babu kifi a cikin ɗakunan.

Amma ba nan gizo ke saƙar ba. A ƙasa, hanyar ba gansakuka kabon dayoksaid ita ce a hura iska ta gindin tanki. Ƙwayoyin iskar su taso, su gauraya ruwan, su kwashe oksijin su fita ta sama. Aiki uku a kyauta. A kumbo babu sama babu ƙasa, ƙwayar iska ba ta tasowa. Tana nan inda take, ta haɗu da 'yan uwanta ta zama ƙatuwa, ta shiga famfo ta tsayar da shi. Dole a koma ga tantani, wato siririyar roba da iska ke ratsawa ruwa bai ratsa ba. Tantanin kuma gansakuka da yauƙinta ke manne masa, musayar iska ta ragu, oksijin ya taru a ruwan har ya danne noman da kansa. Idan aka ƙara ƙarfin famfo don a wanke yauƙin, zaren Spirulina ya kakkarye. Zafi ma ba ya tashi sama da kansa, sai an kwashe shi da bututun sanyi.

Hajiya_Kimiyya:
Injiniya, amma an gwada a sama kuma ta yi girma. A Disambar 2017 an kai gwajin Spirulina mai suna Arthrospira-B tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, ƙarƙashin cibiyar SCK CEN ta Beljiyam, aka yi kusan mako biyar a ɗakin Columbus. Sun auna oksijin ta hauhawar matsin iska a cikin 'yan ƙananan tankunan, ta kuwa samar.

Injiniya_Kumbo:
Haka ne Hajiya, halittar ba ta ƙi ba. Injin ne ke kasawa. Tankin Chlorella na jami'ar Stuttgart da aka kai tashar a 2019 an tsara shi ya yi kwana 180 yana cin kabon dayoksaid ɗin tashar, sai matsalar wutar lantarki ta katse shi tun a makonnin farko. Tauraron Eu:CROPIS na Jamus da aka harba a Disambar 2018 tsari ne mai kyau: fitsarin roba na tsiyaya ta cikin dutsen aman wuta mai huji-huji, bakteriya su mayar da shi taki ga tumatir, Euglena kuma, wata koriyar halittar ruwa mai ƙwaya ɗaya, ta ba da oksijin ta kare tsarin daga yawan amoniya, tauraron na juyi don ya kwaikwayi nauyin wata da na Mars. Matsalar manhaja ta hana a kunna gonar. Ba a ga tumatir ko ɗaya ba.

Sarkin_Ruwa:
Ina son in gyara wata magana a tambayar farko, cewa rashin nauyi ba baƙo ba ne ga kifi. Baƙo ne. Kifi yana sanin sama da ƙasa ta ƙananan duwatsu a cikin kunnensa, kuma nauyi ne ke sa su aiki. A Skylab, tashar sararin samaniyar Amurka, a 1973 an tafi da 'yan kifi biyu irin Fundulus da ƙwai 50. Kifin suka yi ta wulwulawa a da'ira kwanaki, kafin su koyi juya bayansu ga haske su ɗauke shi a matsayin sama. Waɗanda aka ƙyanƙyashe a can kuwa ba su sha wannan wahalar ba. Na Shenzhou-18 ma an gan su suna iyo a kife suna juyi.

A 1994, a jirgin Columbia, kifin medaka huɗu na Kenichi Ijiri ɗan Japan sun yi barbara suka yi ƙwai har wasu suka ƙyanƙyashe a sama, karo na farko ga dabba mai ƙashin baya. Amma sai da ya tace ya zaɓi zuriyar da ba ta wulwulawa. Daga baya akwatin kifi na Japan da aka kai ɗakin Kibo na tashar ƙasa da ƙasa a 2012 ya nuna medaka ma ƙashinsu na zaizayewa, ƙwayoyin da ke cin ƙashi suna ƙara himma. Ga kuma jakar iska: 'ya'yan kifi da yawa sai sun taso saman ruwa sun haɗiyi iska su cika ta a kwanakin farko. Inda babu saman ruwa fa? Japanawa sai da suka sa wani raga a gefe ɗaya na tankin mai riƙe iska wuri guda.

Uwar_Kifi:
Madalla Sarki. Sai kuma amoniya, wadda ita ce mai kashe kifi a rufaffen ruwa ko a ƙasa. Kilo ɗaya na abinci mai furotin kashi 32 yana haifar da amoniya kusan giram 30. Bakteriyar matata na bukatar oksijin giram 4.57 da sinadarin da ke kashe tsami, irin kanwa, giram 7 a kan kowane giram na naitirojin ɗin amoniya, don haka pH na ta sauka sai an riƙa gyarawa. Sabuwar matata na ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin ta nuna, kuma a tsakiyar wannan lokaci naitirait ke hawa ya hana jinin kifi ɗaukar oksijin.

Abin da ke da guba shi ne amoniyar da ba ta da caji, ita kuma pH ke juya ta. A digiri 25, a pH 7 ba ta kai kashi 1 cikin ɗari na jimlar amoniyar ba, a pH 8 kashi 5 ce, a pH 9 ta haura kashi 35. Iyakar da kifi ke jurewa na dogon lokaci wajen miligiram 0.05 ne a lita. Shi ya sa ba za a jefa kifi cikin tankin Spirulina ba. Babu kifin da zai rayu a wannan ruwan kanwa, dole tanki biyu, a tace a wanke kafin a ba su.

Gansakuka:
Yaya, ƙaramin gyara: akwai guda. A tafkin Magadi na Kenya, ruwan kanwa mai pH 10 da zafi har kusan digiri 40, akwai 'yar karfasa Alcolapia grahami. Ba ta fitar da amoniya kamar sauran kifi, yuriya take yi kamar mu, kuma gansakukar tafkin take ci. Sai dai ƙarama ce ƙwarai, kuma yin yuriya na cin ƙarfi, numfashinta da yawa. Ba kifin kiwo ba ne, amma ta nuna halitta ta taɓa warware wannan ƙulli.

Uwar_Kifi:
Na karɓi gyara. Ga karfasar kiwo dai maganar na nan.

Hajiya_Kimiyya:
Akwatin China ba shi ne na farko ba, ya kamata a ambaci Volker Blüm na jami'ar Bochum. C.E.B.A.S. ɗinsa lita 8.6 ne, ɗakuna a jere: kifi Xiphophorus mai haihuwar 'ya'ya da rai, katantanwar ruwa Biomphalaria glabrata, ciyawar Ceratophyllum, da matatar bakteriya. Ya tashi sau biyu a 1998, a tafiye-tafiyen kumbon Amurka STS-89 da STS-90, sannan a tafiyar Columbia ta ƙarshe a 2003. Fitilar ciyawar ce ke daidaita oksijin, ta kunnu idan ya sauka, ta mutu idan ya hau. An zaɓi Ceratophyllum ne don ba ta da saiwa, ta jikinta duka take shan taki, ba ruwanta da sama ko ƙasa, sai dai ba a cinta. Katantanwar ke share mataccen ganye da ragowar abinci.

Likita_Damagaram:
Biomphalaria dai ita ce dangin da ke ɗaukar tsutsar tsargiya ta hanji, muna da irinta a madatsun ruwa da magudanan rani. Wadda ake kaiwa sama renon ɗakin gwaji ce, tsaf take, kuma tsutsar ba ta zagaya sai da kashin mai cutar. Amma tunda tsari ne da kashin mutum ke komawa ruwa, tantance lafiyar matafiya da dafa sharar a zafi kafin ta isa tanki ba abin sakaci ba ne.

Malam_Lissafi:
Abin da ya fi damuna da ruwa shi ne ƙarancin ajiya. Lita ɗaya ta iska na ɗauke da oksijin kusan miligiram 270, lita ɗaya ta ruwa a digiri 25 kuwa 8 kawai. Ɗauki tankin lita 10: miligiram 80 ne, kuma ƙasa da 3 a lita kifi ya shiga wahala, ke nan 50 ake da su. Idan kifin ciki giram 20 ne suna shan kamar miligiram 6 a awa, bakteriya da ciyawa a duhu su sha kwatankwacin haka, awa huɗu ta ƙare. Ciyawar da ke ba da iska da haske, ita ke ƙwace ta idan wuta ta ɗauke. Haka ta faru a tauraron Bion-M1 na Rasha a 2013: akwatin Omegahab na Jamusawa, mai Euglena da 'ya'yan karfasa, fitilunsa suka mutu a tsakiyar tafiyar kwana 30, kifin suka mutu. Euglena ta tsira, don ita idan babu haske sai ta koma cin abin da ke narke a ruwan.

Ga kuma kuɗin hasken. Kilo 0.84 na oksijin mol 26 ne (mol ma'aunin ƙirga ƙwayoyi ne), kowanne na bukatar aƙalla mol 8 zuwa 10 na haske. Da fitilar LED mai kyau, hakan ya kai wajen kilowat 1 dare da rana ga mutum ɗaya, a takarda ke nan, a aikace ninki biyu ko uku. Fasa ruwa da lantarki don samun oksijin, yadda ake yi a tashar yanzu, 'yan ɗaruruwan wat ne. Duk wutar da ta shiga fitila kuma zafi take komawa, sai an fitar da shi waje.

Tauraron_Asuba:
To in haka ne me ya sa ake wahala da halittu? A tsaya ga inji mana.

Injiniya_Kumbo:
Don inji ba ya yin abinci. A tashar ƙasa da ƙasa an kai ga dawo da kashi 98 na ruwa a 2023. Na'urar Sabatier kuma na dawo da kusan rabin oksijin da ke cikin kabon dayoksaid, kabon ɗin ya fita waje a matsayin iskar methane. Abinci kuwa duk daga ƙasa yake zuwa. Tafiyar Mars da dawowa kusan shekara uku ce, kuma wasu bitamin na lalacewa a ajiya kafin nan. A ra'ayina, a kan hanya inji zai riƙe iska, gansakuka ta zama ƙari da madogara. Kifi sai an sauka an kafa sansani, inda akwai nauyi ko kaɗan ne, kashi ɗaya cikin shida a wata, kashi 38 cikin ɗari a Mars, ƙwayar iska ta taso, datti ya kwanta, kuma a samu ruwan daga ƙanƙarar wurin maimakon a ɗauko shi.

Sarkin_Ruwa:
Tunanin Faransawa ke nan a shirin Lunar Hatch na Cyrille Przybyla a cibiyar Ifremer. Ba kifi za a ɗauka ba, ƙwai za a ɗauka masu ɗan tayi a ciki, a daidaita sanyin ruwan yadda za su ƙyanƙyashe bayan an isa wata. Sun girgiza ƙwan kifin teku a kan tebur mai kwaikwayon tashin rokar Soyuz, ƙyanƙyasar ba ta bambanta sosai da ta waɗanda ba a girgiza ba. Hujjarsu mai ƙarfi ita ce kitsen omega-3 da kuma ɗanyen nama a sansanin da komai na gwangwani ne.

Gansakuka:
Amma Sarki, kitsen nan asalinsa daga gansakuka yake, kifi tarawa yake yi. Nannochloropsis na yin EPA, Schizochytrium na yin DHA, nau'o'in omega-3 biyu, kuma ana sayar da mansu a ƙasa. Idan omega-3 ne kaɗai dalili, an tsallake kifi. Spirulina dai ba ta da su.

Uwar_Kifi:
Dalilin kifi na gaskiya shi ne ya ci abin da mutum ba zai iya ci ba, ba ya yi gasa da shi ba. Idan abincinsa rarar gansakuka ne da ganye da dusa, to furotin giram 80 ɗin nan riba ce ko da kaɗan ce. Kuma idan aka zaɓi ƙananan kifi da ake soyawa a ci har kai da ƙaya, asarar kashi biyu cikin uku ta tafi. Sai dai karan alkama da na shinkafa, waɗanda su ne mafi yawan shara, kifi ba ya narkar da su. A Biosphere 2 ta Arizona, 1991 zuwa 1993, an haɗa karfasa da shinkafa da ciyawar ruwa Azolla a fadama ɗaya, kifin da aka samu kaɗan ne ƙwarai. 'Yan China a Yuegong-1 na jami'ar Beihang, inda aka yi kwana 370 daga 2017 zuwa 2018, tsutsar gari suka kiwata a kan karan da aka ruɓar, ba kifi ba. Ita ba ta bukatar tan biyu na ruwa.

Dan_Kaneme:
Ruwan fa ba asara ba ne duka. Ruwa na tare radiyeshan saboda yawan haidurojin da ke cikinsa, kuma dama sai an yi wa ɗakin kwana garkuwa. Idan tankin ya zama bangon, nauyi ɗaya ya yi aiki biyu. Spirulina ɗin MELiSSA an gwada ta da dubban gray, wato ma'aunin radiyeshan, ta rayu, mutum kuwa gray 5 na iya kashe shi.

Hajiya_Kimiyya:
Akwai wanda ba mu ba shi haƙƙinsa ba: 'yan ƙananan tsirran da ke yawo a saman ruwa, Lemna da Wolffia. Kamar kainuwa suke zama amma ƙanana ƙwarai, Wolffia ba ta kai ƙwayar gero ba. Tana ninka kanta cikin kwana biyu zuwa uku, furotin kashi 20 zuwa 40 na busasshen nauyi, ana cinta duka ba kara ba saiwa, kuma a Tailan da Laos abinci ce tun da. Ruwa mai zurfin santimita kaɗan ya ishe ta, a jera faranti hawa-hawa. Daga iska take ɗaukar kabon dayoksaid kai tsaye, don haka wahalar tantani da Injiniya ya bayyana ta ragu, kuma ta fi son amoniya a kan naitiret. Mutum ya ci, karfasa ta ci. Aibinta: wasu nau'in Lemna na da okzalet, wanda shi ma ƙoda yake taɓawa, sannan a rashin nauyi sai an san yadda za a riƙe siririn ruwan a farantin.

Likita_Damagaram:
Duk wanda za a ba fitsari a cikinsu, a tuna gishiri. Mutum na zubar da giram 8 zuwa 10 a rana, alkama ba ta ɗauka, sai ya taru a ruwan reno, kuma an ga hakan a BIOS-3. Spirulina na jurewa, Wolffia da kifin ruwan daɗi suna da iyaka. Sannan fitsarin tashar yanzu ana zuba masa asid da sinadarin kuromiyam don kada ya ruɓe ya toshe bututu. Wannan guba ne ga bakteriyar matata. Tsarin halitta na bukatar masai daban tun daga tushe, da kuma hanyar cire ragowar magungunan da matafiya ke sha kafin su taru a naman kifi.

Malam_Lissafi:
Wani ƙulli da ba a ambata ba. Idan an auna da lita ba da kilo ba, mutum na fitar da kabon dayoksaid kusan 0.85 a kan kowane 1 na oksijin da ya shaƙa. Gansakukar da ake ba naitiret tana cin kusan 0.7 ne a kan kowane 1 da ta fitar, wadda ake ba amoniya ko yuriya kuma ta fi matsowa kusa da namu. Idan ba su yi daidai ba, ko oksijin ya yi ta taruwa ko kabon dayoksaid, a hankali, kullum. Ana gyarawa ta cakuɗa naitiret da yuriya a ruwan reno. Ƙara kifi da matatarsa na jirkita wannan ma'auni, don matatar na shan oksijin ba ta fitar da kabon dayoksaid daidai da shi.

Tauraron_Asuba:
Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara ilimi. Hajiya, a kan Wolffia: idan ita kaɗai za a dogara da ita don oksijin mutum ɗaya, murabba'in mita nawa na faranti ake bukata?

Hajiya_Kimiyya:
A bi lissafin Malam. Ana son busasshen nauyi wajen giram 600 a rana, tunda tsiro mai sitaci ba ya ba da oksijin kamar gansakuka mai furotin. Idan faranti na ba da giram 20 a murabba'in mita a rana, wanda sai da haske mai kyau da kwasa a kai a kai, murabba'in mita 30 ke nan. Hawa goma, kowanne murabba'in mita 3, tazarar santimita 15 tsakaninsu don fitila da iska. A riƙa kwashe kashi ɗaya cikin uku duk kwana biyu, in ba haka ba ta hau kan juna, ta ƙasa ta rasa haske ta ruɓe, gansakuka kuma ta samu ƙofa ta mamaye ruwan.

Injiniya_Kumbo:
A ƙara fanka a kowane hawa. Ba tare da motsin iska ba, oksijin da danshi na kwanciya a kan ganyen, ko a nauyin wata, girman ya tsaya.